Fostar da Aka Yi Sau Uku: Nazarin Aikin Wata Ɗalibar Zayyana

A ajin shekara ta biyu da nake koyar da zayyanar hoto da rubutu, abin da masu sana'ar ke kira girafik dizain, akwai wata ɗaliba da kowa ya sallama wa ta fuskar hannu. Ba zan kama sunanta ba, domin labarin aikin ta yarda in bayar, ba nata ba. Tun kafin ta shigo makaranta take zane, da biro a bayan littafi, daga baya da yatsa a fuskar waya. In aka ce a zana mutum, ita ke fara gamawa, kuma a kan nata ake taruwa. A shekarar farko duk abin da ta miƙo sai na yaba. Yanzu da nake waiwaye, ina ganin yabon nan yana cikin abubuwan da suka jawo abin da ya biyo baya.

Abin da aka nema

Kwamitin baje kolin ayyukan ɗalibai na ƙarshen shekara ya buƙaci fosta, ni kuma na ba ta aikin a matsayin babban aikinta na zango. Takardar buƙatar gajera ce: fosta mai girman A2, wato milimita 420 a faɗi da 594 a tsawo, ƙaramin kwafi da za a yaɗa ta waya, sai alamun nuna hanya guda uku daga ƙofar shiga zuwa zauren. Bayanan da za su hau kai biyar ne: sunan baje kolin, ranar buɗewa da ta rufewa, zaure, lokaci, da cewa shiga kyauta ce. Wa'adi mako shida. A ƙasan takardar akwai layi ɗaya da ke cewa za a manna fostar a barandar da mutane ke wucewa. Daga baya na ga kwafinta. Ta ja layi a ƙarƙashin kusan komai ban da wannan.

Zagaye na farko

Kwana tara ta yi ta kawo aiki. A fuskar kwamfutarta, gaskiya, abin kallo ne. Fuskar mace ce ta gefe, gashinta ya bazu ya rikiɗe zuwa fensira da burushi da igiyoyin launi, bayanta wani shuɗi mai ƙyalli kamar walƙiya. Samfurin haruffa biyar ta yi amfani da su. Ranar buɗewa tana bin lanƙwasar wani silin gashi da siraran haruffa rawaya, lokaci yana kusurwar sama, sunan zaure yana can ƙasa. 'Yan ajin har tafi suka yi.

Muna da zama kowane mako da ɗalibai ke kira ranar fiɗa, inda ake kafe aiki a bango kowa ya faɗi abin da ya gani. A wannan karon ban yarda a duba ta a kwamfuta ba. Takardun jerin A suna da wata dabara: kowace girma rabin wadda ke sama da ita ce, daga A0 mai faɗin murabba'in mita ɗaya har ƙasa, don haka A4 guda huɗu in an jera su A2 suke bayarwa. Na buga fostar gida huɗu a injin ofis, baƙi da fari, na haɗa da salatif, muka fita baranda muka manna. Muka ja da baya taku bakwai. Duk wanda ya zo wucewa sai mu roƙe shi ya kalla na daƙiƙa biyar, ya juya baya, mu yi masa tambaya uku: mene ne, yaushe ne, a ina ne?

Kowa ya tuna matar. Wani ya ce tallar wurin gyaran gashi ce, wata ta ce kamar daren waƙa. Ranar kuwa ba wanda ya faɗa daidai.

Ɗalibar ta tsaya rungume da hannu har aka gama, sannan ta ce: "Malam, ai a baƙi da fari kuka buga. Launin ne ke ɗauke da aikin."

Maganarta tana da rabin gaskiya, kuma rabin da ya rage shi ne darasin. Ido yana raba rubutu da abin da ke bayansa ne ta bambancin haske da duhu kafin bambancin launi. Launi biyu na iya zama daban sosai a suna, amma in haskensu ya yi kusa, sai rubutu ya nutse. Buga aiki a baƙi da fari hanya ce mai sauƙi ta tona wannan asiri. Akwai ma ma'auni: ƙa'idojin sauƙaƙa karatu da ake kira WCAG, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar domin shafukan intanet, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 da 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 da 1 ga rubutu mai girma. Don fuskar na'ura aka tsara su, amma masu aikin takarda ma sukan ara su yi gwaji. Inda rubutun ranar buɗewa ya ratsa ta kan igiyoyin launi masu haske, ko kusa da wannan ma'auni bai je ba. Ga kuma mutanen da ba sa rarrabe wasu launuka, musamman ja da kore, waɗanda a cikin Turawa aka ƙiyasta kusan namiji 1 ne cikin 12. Duk bayanin da aka ɗora wa launi shi kaɗai, an cire su daga masu karatu ke nan.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Ido ba ya sanin inda zai fara. Tun a 1923 Max Wertheimer, ɗaya daga masanan halayyar ɗan Adam na Jamus da suka yi nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa abin da ido ya gani, ya nuna cewa abubuwan da ke kusa da juna mukan ɗauke su a matsayin 'yan gida ɗaya. Rana da lokaci da wuri amsar tambaya ɗaya ce. Ita kuwa ta watsa su kusurwa uku, ta bar mai wucewa ya yi tsintuwa. Mai wucewa ba ya tsintuwa. Wucewa yake yi.

A nan ne na yi kuskurena. Duk wannan bayanin da na jera yanzu, ban yi mata shi a ranar ba. Lokaci ya ƙure, wasu ɗalibai na jiran nasu, sai na ce: "Ki rage. Kaya sun yi yawa." Na ba ta magani ban faɗa mata sunan cutar ba.

Zagaye na biyu

Ɗaliba ce mai zuciya. Ta shiga laburare ta yi kwanaki tana duba tarihin fosta, ta faɗa kan salon da ya yi tashe a Suwizalan a shekarun 1950, a biranen Zurik da Basel: aikin su Josef Müller-Brockmann, inda ake shata ragar layuka a ɓoye a jera komai a kanta, a bar fili mai yawa, a yi amfani da haruffa marasa ado irin Helvetica da Max Miedinger ya zana a 1957. Ta dawo da fostar da ba ka ce hannu ɗaya ne ya yi su ba. Mace ta tafi, gashi ya tafi. Farar takarda, baƙin rubutu a jere ta hagu, sai murabba'i ɗaya na shuɗin nan mai ƙyalli da ya cika kusurwar dama har baki. Shi kaɗai ta kasa rabuwa da shi.

A gwajin baranda ta ci: duk wanda aka tsayar ya faɗi rana da wuri. Sai dai da muka daina tsayar da mutane muka koma gefe muna kallo, ba wanda ya ɗaga kai don kansa. Tsakanin jadawalin jarrabawa da sanarwar ofis, fostar ta saje da su kamar 'yar'uwarsu. Garin gyaran gira an rasa ido.

Wani ɗan ajin ne ya lura da wani abu kuma. A kalmar "Ɗalibai" da ke kanun fostar, harafin farko ya fi sauran sirantaka, kamar baƙo a cikin dangi. Samfurin haruffan da ta zaɓa ba shi da Ɗ mai lanƙwasa, sai manhajar ta aro daga wani samfurin ba tare da ta sanar ba. Masu rubutu da harsunan Folan ko Biyetnam ko Turkiyya sun san irin wannan ciwon kai da nasu haruffan. Maganinsa ɗaya ne: kafin ka ƙaunaci samfurin haruffa, ka buga duk haruffan harshenka da shi, manya da ƙanana, ka gani.

Duk da haka na ce ta kai ɗakin ɗab'i na makaranta a yi mata gwajin bugu da launi, don ta saba. Ta dawo da takarda a naɗe, fuska a ɗaure. Shuɗin walƙiya ya koma wani shunayya mai duhu kamar an jiƙa shi. Tambarin makaranta ya farfashe gefe-gefe. A bakin dama, inda shuɗin ya kamata ya kai ƙarshe, ga wani siririn farin layi da ya karkace daga sama zuwa ƙasa.

Dattijon da ke kula da injin ya yi mata bayani da jimla ɗaya da ta fi laccata ta awa guda: "'Yata, wannan shuɗin na fitila ne, ba na tawada ba."

Haka abin yake. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, tana haɗa ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Ƙara launi a can ƙara haske ne. Takarda ba ta da hasken kanta. Tawada huɗu ake ɗora mata, siyan (shuɗi mai haske) da majenta (ja mai sirkin shunayya) da rawaya da baƙi, wato CMYK, kuma kowace tawada rage hasken da ke dawowa ido take yi. Akwai launukan da fitila ke iya yi da tawada huɗun nan ba za su taɓa kaiwa ba, shuɗi mai ƙyalli na kan gaba a cikinsu. Idan aka juya shi zuwa tawada yakan ɗauki majenta da yawa, sai ya karkata zuwa shunayya. Mai son takamaiman launi yakan sa a dama masa tawada ta musamman, irin tsarin Pantone da aka fara a 1963, amma wannan ƙarin aiki ne da ƙarin kashe kuɗi da kwamitin ɗalibai ba zai ɗauka ba.

Tambarin kuwa daga shafin intanet ta kwafo shi, ɗan ƙaramin hoto na ɗigo-ɗigo. Bugu mai kyau yakan nemi kusan ɗigo 300 a kowane inci. A2 cikakkiya a wannan ma'auni fiksel, wato ɗigon hoto, 4961 ce a faɗi da 7016 a tsawo. Hoton da aka saba yi don waya mai faɗin fiksel 1080, in aka ja shi ya cika faɗin A2, ɗigo 65 kacal zai bayar a inci. Shi ya sa ake ajiye tambari a matsayin bekta, zanen da lissafin lanƙwasa ke riƙe da shi ba ɗigo ba, irin lanƙwasar da ke ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault. Bekta ko a bangon bene aka buga ta, gefenta a miƙe yake. Farin layin kuma rashin rarar gefe ne: wuƙar yanka takarda ba ta faɗawa daidai kan layi kullum, don haka akan bar launi ya zarce iyaka da milimita 3 a kowane gefe, a yanke rarar.

Duk waɗannan na koyar da su a shekarar farko. Ta ci su a jarrabawa ma. Amma gani ya kori ji.

Kwana uku ba ta shigo aji ba. Ranar na huɗu ta same ni a ofis, ta gaishe ni, ta ƙi zama.

"Malam, da na yi nawa kun ce ba a karantawa. Da na yi naku kun ce ba rai. To wanne kuke so?"

Kalmar "naku" ce ta tsaya mini. A ganinta tsari da sauƙin karatu kayan malamai ne, ado da rai kuma nata, sai dai ɗaya ya kayar da ɗaya. Na nemo mata taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da Harry Beck ya zana, wadda aka fara rabawa a 1933. Beck ya jefar da ainihin nisan da ke tsakanin tashoshi, ya miƙar da layukan su tafi a tsaye ko a kwance ko a kusurwar digiri 45. Na tambaye ta me ya sa ya cire abin da ya cire. Ta yi shiru, can ta ce: saboda wanda ke cikin jirgi ba ruwansa da yadda titin sama ya lanƙwasa, tashar gaba yake nema da inda zai sauya layi. Na ce to ba ragewa ya zauna yi ba, mutumin cikin jirgin ya zauna tunani. Ke wa kika zauna tunani? Sannan na ba ta haƙuri kan "ki rage" da na ce mata. Ta yi mamakin haƙurin fiye da taswirar.

Zagaye na uku

Saura kwana goma sha biyu. Na hana ta taɓa kwamfuta na kwana biyu. Sharaɗin shi ne ta zauna a barandar nan da littafi da fensir, ta yi ƙananan zane arba'in, kowanne bai wuce girman kwalin ashana ba. Amfanin ƙaramin zane shi ne ba ya ɗaukar kwalliya. In tunanin bai tsaya a wannan girma ba, ba zai tsaya daga nesa ba.

Abin da ta rubuto daga barandar ya fi zanen burge ni. Yawancin masu wucewa kansu na kan waya, ba sa ɗagowa sai a kwanar da ake juyawa zuwa matakala. Bangon cike yake da fararen takardu. Haske daga hagu yake shigowa da rana, da yamma wurin ya yi duhu-duhu. Daga nan ta yanke shawara uku da kanta: a manna fostar a kwanar, bayanta ya zama launi ɗaya mai ƙarfi da ba fari ba, hoto kuma ya zama siffa ɗaya da za a gane ko da gefen ido.

Zane na talatin da wani abu hannu ne mai nuni da yatsa. Ta ɗauki baƙar takarda da almakashi ta yanka shi, ba tare da ta fara zanawa ba. Ta yanka kusan goma kafin ɗaya ya yi mata. Ta ɗauke shi da sikana, ta mayar da shi bekta, amma ta bar ɗan karkacewar almakashin a gefensa, ba ta goge ba. A nan hannunta na asali ya dawo cikin aikin. Bayan fostar ruwan lemo ne, launin da rawaya da majenta ke bayarwa da ƙarfi a takarda, kuma a wannan karon dattijon ɗakin ɗab'i ta fara tambaya kafin ta zaɓa. Yatsan yana nuni ƙasa, kai tsaye kan ranar buɗewa, wadda ta zama abu mafi girma bayan hannun. Lokaci da zaure suna manne a ƙarƙashinta, gida ɗaya. Samfurin haruffa ɗaya ne, mai kauri da marar kauri, daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin lasisin SIL, wanda ke ba kowa izinin amfani da haruffa kyauta, kuma ta gwada ɓ da ɗ da ƙ kafin komai. A nan ma ta gano cewa biyu daga samfuran da ta saka a fostar farko izinin amfanin kai kawai suke da shi, ba na aikin da za a yaɗa ba.

Abin da ya sa na ce tunanin ya nuna shi ne alamun hanya. Da ta bar su har ƙarshe tana ganin su ƙaramin aiki ne. Yanzu ba ta buƙaci kibiya ba: hannun nan ne, a juya shi hagu, a juya shi dama, a ɗaga shi sama wajen matakala. Wanda ya ga fostar a kwana ya riga ya san abin da zai bi. Kwafin waya kuma ba matse fostar ta yi ba, sabon jeri ta yi masa, ta yanke hannun daga wuyansa don yatsa da rana su cika fuskar.

Kwamiti ya karɓa, amma da buƙatu. Ana son tamburan masu tallafi, ana son jimlar maraba daga shugaban kwamiti. Kan tamburan ta yi nasara: ta yi musu siririn layi a ƙasa, duk baƙi, girma ɗaya. Kan jimlar marabar ta sha kaye. Tana nan a fostar da aka buga, layi biyu da ba wanda ke karantawa, suna cin filin da hannun ke numfashi a ciki. Ta so ta yi gardama; na ce ta bari, mai aiki da jama'a yakan zaɓi yaƙin da zai yi.

Wajen ba da maki

Mu uku muka duba aikin, kuma ba mu yi baki ɗaya ba. Wata abokiyar aikina, wadda fenti ne fanninta, ta tsaya kan cewa fostar farko ta fi duka nuna baiwa, kuma muna horar da yara su ji tsoron ado. Ban ce ba ta da hujja ba. Akwai fostocin da cunkoso ne ƙarfinsu, irin na mawaƙan San Faransisko na ƙarshen shekarun 1960, da haruffa ke narkewa cikin juna har sai ka tsaya ka warware su. Amma masu son waɗancan mawaƙa a shirye suke su tsaya. Wahalar karatun ma wani ɓangare ne na gayyatar. Mai sauri zuwa lacca a baranda mai duhu bai yi wa kowa wannan alkawari ba. Na ukunmu bai shiga wannan ba, shi dai ya nuna cewa ta makara da kwana biyu, kuma tazarar da ke tsakanin wasu haruffan kanun ba daidai take ba. Duka biyun gaskiya ne. Ta sami maki mai kyau, ba mafi girma a ajin ba.

Bayan an rufe baje kolin sai wata magana ta taso da ban shirya mata ba. Kwamiti ya ji daɗin hannun, yana so ya mayar da shi tambarin baje kolin na kowace shekara. Ta zo ta tambaye ni: "Malam, hannun nan na waye?" Takardar buƙatar da ni na rubuta ba ta ce komai a kan wannan ba. Na ba ta labarin Carolyn Davidson, wadda tana ɗalibar zayyana a Jami'ar Jihar Fotland a Amurka ta zana alamar Nike a 1971, aka biya ta dala 35. Sai a 1983 kamfanin ya ba ta zobe da hannun jari, don ganin damarsa, ba don wata yarjejeniya ta tilasta ba. Ta saurara, ta ce ita ba kuɗi take nema ba, amma ba ta so wani ya zo baɗi ya miƙar da gefen almakashin ya sa masa inuwa. Muka zauna muka rubuta rabin shafi: a yi amfani da hannun yadda yake, a sa sunanta, duk canji a tuntuɓe ta. An miƙa wa kwamiti, sun ce sai sabbin mambobi sun zauna.

A kundin ayyukanta da take haɗawa don neman wurin koyon aiki, ta jera fostocin uku bi da bi, har da gwajin bugun nan mai shunayya da farin layi a gefe. Na ba ta shawara ta cire shi, ta bar na ƙarshe kawai da hotunan alamun hanya a bango. Ta ce ta ji, Malam. Da na sake buɗe kundin makon jiya, yana nan a shafi na huɗu, kuma a ƙarƙashinsa ta rubuta maganar dattijon da ƙananan haruffa.